Gidan da Ake Magana da Hannu

A gidanmu ba a cika buɗe baki ba sai idan za a ci abinci.

A saman bene muke zaune, shagon kafinta na surukina yana ƙasa. Tun da safe injin yanka katako yake fara kuka, na goge katako ya amsa masa, sai ka ji ƙasan ɗaki yana rawa a tafin ƙafarka, cokula suna kaɗawa su kaɗai a cikin kofi. Cikin wannan ƙarar Baba, surukin nawa, ya raini mijina, kuma da yake ko ihu ka yi ba mai jin ka, sun saba yin komai da hannu. Babban yatsa a baki, ruwa ake so. A ja kunne, waya tana ƙara. A zagaya yatsa a sama, kunna inji. A kife tafin hannu a danna ƙasa, kashe shi. Akwai alamar guduma, akwai ta gam, har da ta mai kujerun nan ya zo, ce masa ba na nan.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne, ko sun kashe inji sun hau sama, hannun ba ya hutawa. Mijina zai zauna kusa da mahaifiyarsa, gwiwa tana taɓa gwiwa, ya nemi gishiri da yatsu biyu. Ita kuwa Mama, da ta yi shekaru tana kai musu abinci ƙasa, ta fi su duka iyawa. Tana iya yi maka faɗa daga bakin ƙofa, ta gama tsaf, ta juya, ba ta ce uffan ba.

Da aka kawo ni gidan, abin ya yi min daɗi. Ni dama ba gwanar surutu ba ce, kuma gidan da ba a tsare ka da tambaya hutu ne. Haka muka yi ta tafiya har ɗana ya kusa shekara uku bai taɓa cewa Umma ba.

Ƙusa muke kiransa. Kakansa ne ya laƙa masa, wai inda aka ajiye shi nan yake kafewa. Yaro ne mai wayo, wannan ba wanda zai musa. Ya san takalmin kowa, ya san wane murfi ne na wace tukunya, kuma babu alamar shagon nan da bai iya ba. Idan waya ta yi ƙara shi ne farkon jan kunne. Amma baki, sai dariya da kuka.

Ranar da na kai shi awo na daure na faɗa wa nas. Ta sa aka duba kunnensa, aka ce lafiya ƙalau. Ta ba shi wasu robobi ya jera su daga babba zuwa ƙarami kafin ta gama gyara zama.

"Wa yake yini da shi?" ta tambaye ni.

"Ni da kakarsa."

"Kuna yi masa hira?"

Ina cikin neman amsa Ƙusa ya kai babban yatsa baki. Hannuna ya shiga jaka da kansa, na miƙa masa gorar ruwa. Nas ta bi gorar da ido har ta isa bakinsa.

"Kin ga abin da kika yi?"

"Ƙishi yake ji."

"Na gani ai. To me zai sa ya wahalar da bakinsa? Ni ma da haka ake min da na daina magana."

Ta ce in riƙa faɗa masa sunan duk abin da muka taɓa, in yi masa waƙa, mu duba littafin hotuna tare, in riƙe abu biyu in tambaye shi wanne yake so. Sannan in jira. Wannan ta maimaita shi, in jira, kada in yi saurin ba shi. Idan muka dawo awo na gaba babu ko kalma ɗaya, za ta tura mu babban asibiti a bincika sosai. Na fito da yaron a kafaɗa.

Da na faɗa a gida, Mama, wadda take kiran jikan nata mijinta, ta yi dariya har da tafa cinya.

"Babban asibiti! Don mijina bai ga dama ya yi magana ba? Ubansa ma sai da ya shekara huɗu. Ga shi nan, me ya same shi?"

Na kalli uban. Yana kan kujera yana tambayar Baba ina aka ajiye tef ɗin awo, da yatsu.

Washegari na fara. Wajen wanka na kama hannunsa na ce, "Hannu. Wannan hannu ne. Ga sabulu. Sabulu yana kumfa." Ya kalle ni, ya kalli hannun, ya sake kallona, irin kallon da ake yi wa wanda ya fara zance shi kaɗai a kan titi. Na tara murafen kwalba, ja da kore da fari, na kawo kofuna uku ina cewa, "Ja. Ina ja? Ka ce ja." Ya karɓe su ya raba kowanne kofinsa, ko ɗaya bai kuskure ba, ya kakkaɓe hannu kamar yadda kakansa yake yi idan ya gama aiki, ya tashi. Na sayo littafi mai hoton dabbobi. Na nuna kyanwa na yi kukanta, na nuna akuya na yi kukanta, ni kaɗai a tsakar falo ina mee mee, Mama tana leƙowa daga kicin. Da na fara yi masa waƙa kuwa, baiti na biyu ban kai ba ya kife tafin hannu ya danna ƙasa.

Kashe ni ya yi, kamar inji.

Na gwada na abu biyu. Ayaba a hannun dama, lemo a hagu.

"Wanne kake so? Ayaba ko lemo?"

Ya nuna ayaba.

"Ayaba? Ka ce ayaba."

Ya sake nunawa, wannan karon da ƙarfi, ko ban gani ba ne. Na jira kamar yadda aka ce. Shi ma ya jira. Can ya sauka daga kujera ya nufi kicin, ya dawo da ayaba a hannu ɗaya, biskit a ɗaya, ya zauna gabana yana ci.

Na bi sawu. Mama tana yanka albasa.

"Mama, nas ta ce a riƙa ɗan jiransa."

"A jira shi ya yi me?"

"Ya faɗa."

"Ai ya faɗa."

"Da baki, Mama."

"Amarya, ke da littattafanki. Ina kallo mijina yana jin yunwa sai in harɗe hannu ina jiran nas? Ita nas ɗin haka take yi wa nata mijin?"

Har yau Amarya take kirana. Na tsaya ina murza gefen mayafina, akwai magana cike da bakina, amma abin da ya fito shi ne, "To, Mama." Na koma falo na tattara murafen kwalba.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Ni ina ginawa da safe, Mama tana rushewa kafin azahar, kuma ba da mugunta ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Idan na hana shi ruwa na minti ɗaya, sai in ga kofi ya ɓullo ta bayan kujera. Idan na kai shi ɗaki na rufe, sai ta tuna akwai abin da ta manta a ɗakin. Yaron ya gane inda ake samun sauƙi. Da ya ga na ɗauko abu biyu, ko kallona ba ya yi, sai ya miƙe ya tafi wajen matarsa.

Wata rana wata mata ta zo karɓar kujerun da aka yi mata, ta same mu a matakala. Ta tsuguna tana yi wa Ƙusa wasa, yaya sunanka, ina babanka, shi kuma ya nuna mata ƙasa, ya zagaya yatsa, wato yana wajen inji. Ta ɗago ta dube ni da tausayi.

"Allah sarki. Bebe ne?"

Na ce a'a. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ce akwai wani ɗan ƙanwarta ma haka. Ban ji ƙarshen labarin ba.

Da yamma na tsare mijina a ɗaki kafin ya cire rigar aiki.

"Yau an kira ɗanka bebe."

Ya ɗaga gira, ya buɗe tafin hannu, wato wa.

"Ka tambaye ni da baki."

"Wa?"

"Ba wa ba ne abin tambaya. Don Allah ka yi wa Baba magana. Ni ba zan iya ba. Idan an hau sama a riƙa magana kamar mutane, ko wajen cin abinci ne kawai."

Ya kaɗe garin katako daga gashinsa, sannan ya gyaɗa kai. Na ce ya faɗa. Ya ce to.

Ya kuwa yi wa Baba magana, kuma Baba ya ɗauki abin da muhimmanci, wanda ban yi tsammani ba. Sai dai kunnen Baba inji ya daɗe da cinye rabinsa, shi bai san murya tana da ƙasa-ƙasa ba. Muna zama a tebur ya ɗaga cokali sama.

"ƘUSA! WANNAN COKALI NE!"

Yaron ya zabura, nasa cokalin ya faɗi.

"SHINKAFA! KA CE SHINKAFA, ABOKINA!"

Ƙusa ya zame daga kujera ya shige ƙarƙashin tebur ya rungume ƙafar kakarsa.

"Ka ga ka firgita min miji," in ji Mama.

"ME?"

Ta yi masa alamar ya rage. Na taka ƙafar mijina, ya yi gyaran murya, ya kalli silin yana neman abin faɗa.

"Yau an yi zafi," ya ce.

Ba wanda ya amsa.

"Jiya ma an yi."

"ME YA CE?"

Mijina ya fifita wuyan rigarsa da hannu. Baba ya gyaɗa kai, ya nuna fanka, mijina ya tashi ya ƙara ta. Daga ƙarƙashin tebur wani ɗan hannu ya fito ya kai babban yatsa baki, kofuna uku suka nufe shi lokaci guda. Hirar gidanmu ke nan, daga farkonta har ƙarshenta. Na tashi na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Ranar komawa awo tana matsowa. Na daina duba katin asibitin, amma na san inda yake.

Abin ya zo ne ranar da ƙofar banɗakinmu ta lalace, mijina ya yi sabuwa ya ɗauko ta daga shago. Ina ɗaki na ji murya a matakala kamar ta baƙo.

"Wai ba kowa ne? A buɗe min ƙofa! Wa ya bar takalma a hanya? Ke, kawar da bokitin nan, zan faɗi! Ƙusa, matsa, matsa gefe!"

Na buɗe na tsaya ina kallonsa. Hannunsa biyu suna riƙe da ƙofar, haɓarsa a kanta. Rabon da in ji ya jera magana haka tun muna neman aure. Yana jingine ta da bango, ya juyo ya nemi ruwa da yatsa.

Na zauna a bakin gado ina tunani. Mama ma, yaushe take surutu? Idan hannunta yana cikin kumfar wanki, ko tana yanka albasa. Baba kuwa sai yana riƙe da katako ake jin faɗansa. Mutanen gidan nan suna da baki, hannu ne yake riga shi. Kuma akwai dokar Baba a shago da kowa ya sani: wanda ya ɗauki kaya ba ya direwa a hanya, sai inda za a kai shi, don kada gefe ya ƙuje. Ƙusa ya haddace wannan dokar kamar sauran. Ko filo ya ɗauka ba ya ajiyewa sai ya kai gado.

Na roƙi mijina guntayen katako, ya goge min su sumul. Na zuba su a wata roba mai faɗi wadda hannu ɗaya ba zai ɗauka ba. Da safe na ce, "Ƙusa, zo ka yi aiki. Kai wannan ɗaki." Fuskarsa ta washe. Ba abin da yake so irin a sa shi aiki kamar manya. Ya rungumi robar, ya turo ciki gaba, ya nufi ɗaki. Ƙofar a rufe take, ni na rufe ta.

Ya tsaya. Ya kalli mariƙin ƙofar, ya kalli hannayensa. Ya juyo ya dube ni. Na ga leɓensa ya motsa.

Sai ga hannun Mama ta saman kansa, ta murɗa, ta tura.

"Wuce, maigida. Wa ya rufe maka hanya?"

Ban san daga ina ta fito ba. Na rantse a kicin na bar ta.

Na sake cika robar. Na leƙa na ga ta shiga wanka, na ji ƙarar ruwa. Na ce ya kai. Yana isa ƙofar, ta fito da ɗaurin ƙirji da kumfa a wuya ta buɗe masa, ta koma. Na zauna a ƙasa na dafe kai. Yaron yana ta murna, shi a ganinsa wasan ke nan, ya ɗauka, kaka ta buɗe.

Na bari sai bayan azahar. Mama tana kan kujera a falo tana gyangyaɗi, carbi a hannu. Na cika robar a hankali don kada katako ya yi ƙara, na rufe ƙofar kamar ɓarauniya, na yi wa Ƙusa raɗa. Ya ɗauka ya tafi. Yana tsayawa, idon Mama ya buɗe. Ta miƙe.

Ina zaune a ƙasa kusa da kujerarta. Ban yi shawara da kaina ba, sai dai na ga hannuna ya damƙe gefen zaninta.

Ta tsaya cak. Ta sunkuyo ta kalli hannun, ta kalle ni. Tun da na zo gidan nan ko ido ban taɓa haɗawa da ita sosai ba.

"Amarya. Mene ne haka?"

"Ku yi haƙuri, Mama."

"Sake ni."

"Ku yi haƙuri."

"Kayan nan da nauyi. Hannunsa zai sage."

"Don Allah, Mama. Kaɗan kawai."

Ta ja, ban saki ba. Idan ta ƙara ja zanin zai kwance, ita ma ta sani. Muka tsaya a haka, ni a durƙushe, ita a tsaye.

Ƙusa ya shuri ƙofar da ƙafa. Ya juyo ya nuna ta da haɓa. Ya kalli kakarsa, ya sake nunawa da haɓa, da ido, da kai gaba ɗaya. Robar ta fara zamewa, ya tallafe ta da ciki ya gyara riƙo. Bai dire ba. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi alhakinsa a kanki," in ji Mama ƙasa-ƙasa.

"Me kake so, Ƙusa?" na ce. "A buɗe? Buɗe?"

Sai na yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya. A ƙasa injin yana ta yanka, ya kai ƙarshen katakon ya sassauta. Yaron ya ja numfashi, ya ɓata fuska irin ta kakansa idan an ɓata masa aiki.

"Bu'e!"

Murya ce 'yar ƙarama, a dushe, cike da fushi. Na saki zanin na rarrafa na murɗa ƙofar. Ya wuce ni ko kallo babu, ya juye katakon a kan gado, ya fara jerawa.

Na zauna a bakin ƙofar. Mama tana gyara ɗaurin zaninta a hankali, tana shan ƙamshi.

"Tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa riƙe min zane," ta ce. "Bari ubansa ya hawo."

"Ku yi haƙuri, Mama."

"Kuma ba buɗe ya ce ba, Kaka ya ce."

"Buɗe ya ce."

"Ni da nake tsaye ban ji ba sai ke? Kaka ya ce, ni yake kira."

"Mama, buɗe ya ce."

"To bari mu gani."

Ta shiga ɗakin ta kwashe katakon daga gado ta mayar cikin robar, ta ƙara da takalmin Baba ɗaya don ta yi nauyi. Ta fito da yaron falo, ta ja ƙofar da kanta har ta yi ƙara, ta ɗora masa robar. Sannan ta mayar da hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, ta cije leɓe. Ƙusa ya je ƙofar ya juyo ya kalle ta. Na ga kafaɗarta tana motsi, ƙafarta ɗaya ta riga ta yi gaba. Wannan karon bai daɗe ba.

"Bu'e."

Mama ta saki wata ƙara, ta buɗe, ta bi shi ciki tana cewa maigidana, maigidana, bakinka ya buɗe. Ba ta sake zancen Kaka ba. Kafin in tashi daga inda nake ta rufe ƙofar kicin, ta rufe ta banɗaki, ta rufe ta baranda, ta dawo tana neman abin da za ta ɗora masa. Ta ba shi filo ya kai kicin. Ta ba shi tukunya ya kai baranda. Yaron ya fara haki.

"Mama, ya isa haka yau. Ya gaji."

"Ɗaya kawai."

"Zai tsani wasan."

Ta juyo da bokiti a hannu ta dube ni sama da ƙasa.

"Gobe ki bar min shi," ta ce. "Ke ba ki da haƙuri, shi ya sa ya daɗe bai yi magana ba."